Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi: Shin gaskiyar da ya faɗa ta koma ƙarya kenan?

RANAR da labari ya fito, cikin watan Oktoba na 2025, cewa Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya yi wa Honorabul Faruk Lawan afuwa, ina zaune a teburin mai shayin mu da ke bakin Titin Kotu a Gyadi-Gyadi. Kafin ka ce kwabo majalisa ta kaure da musu. Wannan ya ce ai dama manya ba sa ɗauruwa a ƙasar nan. Wancan ya ce haba jama'a, mutumin da ya riga ya gama zaman sa a Kuje, me afuwa za ta ƙara masa? Shi kuwa wani tela mai shago a Kasuwar Tarauni hular sa ya cire ya leƙa cikin ta, ya ce a taya shi dubawa ko an manta da 'yar dala ɗari a ciki. Aka fashe da dariya, har da mai ƙwarewa da shayi.

Ni ma na dara, ba zan ɓoye maka ba. Amma da dariyar ta lafa sai na jefa masu tambaya. Na ce a cikin mu nan, wa zai iya faɗa mani abu ɗaya tak da ke cikin rahoton da kwamitin mutumin nan ya rubuta a kan tallafin man fetur? Mun kai mu tara a teburin, amma tsit ka ke ji. Kowa ya tuna hula, babu wanda ya tuna rahoto.

Mai karatu, na san sharhin fim ka saba gani a wannan shafi. Ka yi haƙuri da ni a wannan watan, domin shirun nan na teburin shayi ya hana ni sakat. Kuma in ka bi ni a sannu za ka ga ban yi nisa da sana'a ta ba, don kuwa labari ne mai jarumi, da bos, da ɓoyayyiyar kyamara, da 'yan kallo. Tambayar da na ke so mu tattauna ita ce: idan wanda ya tona asirin ɓarayi shi ma aka kama shi da hannu a cikin tukunya, yaya za mu yi da abin da ya tona?

Bari mu soma da jarumin, saboda ƙannen mu da ba su riski tashen sa ba. Faruk Lawan ɗan Shanono ne a nan Jihar Kano. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1999 a ƙarƙashin PDP, ya na wakiltar Bagwai da Shanono, kuma sau huɗu a jere jama'ar sa su na tura shi Abuja. Ba shi da tsawo, ba shi da jiki, amma in ya riƙe makirufo sai zauren ya nutsu. Tauraron sa ya haska sosai a 2007, lokacin da ya jagoranci gungun 'yan majalisa da su ka kira kan su 'Integrity', wato masu tsare mutunci da gaskiya, su ka tasa Kakakin Majalisa Patricia Etteh a gaba kan kwangilar naira miliyan 628 ta gyaran gidan ta da na mataimakin ta da sayen motoci. Rigimar ta yi zafin da a cikin ta ne Dakta Aminu Safana na Jihar Katsina ya yanke jiki ya faɗi a zauren majalisa, ya ce ga garin ku nan. A ƙarshen Oktoba na shekarar Etteh ta yi murabus. Daga nan jaridu su ka raɗa wa Faruk suna 'Mista Integrity'.

Sai ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141 a dare ɗaya. Ina 'yar sakandare ta a lokacin, kuma yaya na acaɓa ya ke yi, da shi ake cefane a gidan mu. Na tuna yadda ya riƙa dawowa da daddare ya zube canji a kan tabarma, ya ware na mai, ya ware na mai babur, sannan ya zura wa ragowar ido. Matasan Kano su ka mamaye shataletalen Silver Jubilee su na kwana a can, ƙungiyoyin ƙwadago su ka tsunduma yajin aiki, aka rasa rayuka a nan Kano da Legas da wasu garuruwan, kafin gwamnati ta sauko zuwa naira 97. A tsakiyar wannan wuta ne majalisa ta yi zaman gaggawa ran Lahadi, 8 ga Janairu, ta kafa kwamitin binciken kuɗin tallafin. Wa za a ba shugabanci in ba Mista Integrity ba?

Wanda bai ga zaman kwamitin nan a talbijin ba an yi babu shi. Kai-tsaye ake nunawa. Kano na cikin jimamin harin 20 ga Janairu, ga dokar hana fita, don haka duk gidan da ke da janareto ya zama sinima. Mu ka ga ɗan ƙaramin mutum daga Shanono ya na titsiye ministar mai Diezani Alison-Madueke, da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, da shugabannin NNPC, da manyan dillalan mai, ya na tambaya su na share gumi. Wallahi ihun da ake yi a layin mu in ya jefa tambaya bai da maraba da wanda ake yi a gidan kallo in jarumi ya shigo ceton yarinya. Har aka fara cewa ga gwamnan Kano na gobe.

To ga abin da mu ka manta. Rahoton da kwamitin ya miƙa a watan Afrilu na 2012 ya ce naira biliyan 245 aka ware wa tallafin mai a kasafin 2011, amma abin da aka kashe ya haura naira tiriliyan 2.5. Ya ce hukumomin gwamnati ma ba su yarda da juna a kan adadin ba: ana cewa tiriliyan 1.3 a hukumance, Akanta-Janar na cewa 1.6, Babban Banki na cewa 1.7. Ya ce kamfanonin da ke cin gajiyar shigo da mai, waɗanda ba su kai goma ba a 2006, sun zama 140 a 2011, wasun su ko rumbun ajiye mai ba su da shi. Ya ce akwai lokacin da, cikin awa 24 a Janairun 2009, aka biya naira miliyan 999 har sau 128. A dunƙule, ya ce a dawo wa da baitulmali sama da naira tiriliyan ɗaya, kimanin dala biliyan 6.8, da su ka zurare tsakanin 2009 da 2011. Kuɗin da aka ce don yaya na da ire-iren sa ake kashewa kenan.

Ba a yi wata biyu ba sai reshe ya juye da mujiya. A watan Yuni, attajirin nan Femi Otedola ya fito ya ce Faruk ya nemi dala miliyan 3 a hannun sa domin ya cire kamfanin sa, Zenon, daga jerin waɗanda ake zargi da karɓar dalar Babban Banki ba tare da sun shigo da mai ba, zargin da shi Otedola ya musanta. Ya ce da sanin jami'an tsaro na farin kaya ya ba Faruk dala 500,000, ya ba sakataren kwamitin dala 120,000, kuma an ɗauki abin a bidiyo a gidan sa na Abuja. Jama'a su ka tuna cewa lallai ran 24 ga Afrilu Faruk da bakin sa ya roƙi majalisa ta cire sunan Zenon, ta kuma cire. Jaridu su ka ce wai da aljihu ya cika har a hula aka cusa sauran. Shi dai Faruk ya ce ya karɓa ne don ya tona asirin mai ba da cin hancin, kuma ya miƙa kuɗin ga wani shugaban kwamiti a majalisar. Wancan ya ce sam bai ga ko sisi ba.

Sauran labarin na kotu ne, kuma ya yi jan ƙafa irin na fim mai kashi biyar. An gurfanar da shi a 2013. Sai ran 22 ga Yuni, 2021 Mai Shari'a Angela Otaluka ta Babbar Kotun Abuja ta same shi da laifi, ta ɗaure shi shekara bakwai, ta ce ya mayar wa gwamnati dala 500,000. A Fabrairun 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke tuhuma biyu cikin uku, ta bar ta karɓar kuɗin, ta rage ɗaurin zuwa shekara biyar. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a Janairun 2024. Ya fito daga gidan yarin Kuje a Oktoban 2024, afuwa ta biyo baya bayan shekara guda.

Ban zo wanke shi ba. Kotu uku sun saurari hujjar sa ba su gamsu ba, ni wane ne? Hasali ma ina ganin laifin sa ya fi na ɓarawon da bai taɓa cewa shi na Allah ba ne, domin abin da ya sayar ba nasa ba ne. Jinin waɗanda su ka mutu a zanga-zangar Janairu ne ya haifi kwamitin nan, kuma yardar talakawa ce ta ba shi ƙarfin da har attajiri zai ji tsoron alƙalamin sa. Wannan yardar ya kai kasuwa. Ban kuma zo yi masa dariya ba. Ya yi zaman sa ya gama, tsakanin sa da Ubangijin sa kuma ba mu da shiga. Da mu 'yan kallo na ke.

Ɗauki biro ka yi lissafi. Dala biliyan 6.8 in ka raba ta da dala 500,000 za ka samu 13,600. Wato a duk dala ɗaya da aka kama a hannun Faruk, akwai dala 13,600 da rahoton sa ya ce sun yi ɓatan dabo. Amma tun daga ranar da maganar bidiyo ta fito, hira ta tashi daga kan dubu goma sha ukun nan ta koma kan ɗayar. Gaskiya ne EFCC ta gurfanar da wasu dillalan mai a 2012, an kuma ɗaure 'yan ƙalilan, wata shari'ar ma sai a 2025 aka yanke ta. Amma wa ya bi sawu a cikin mu? Wa ya tambayi nawa aka dawo da su? Mun samu abin dariya, mun tashi daga kallo. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sake janye tallafin, da hujjar cewa ɓarayi ne ke cinye shi, lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Talaka ya biya kuɗin satar sau biyu: da aka yi ta, da kuma aka zo maganin ta.

Me ya sa mu ka yi haka? A gani na tarbiyyar kallon mu ce. Mun tashi a kan labarin mutum ɗaya mai gyara duniya. Ka tuna fim ɗin Indiya 'Nayak' na 2001, inda Anil Kapoor, ɗan jarida, ya karɓi mulkin jiha na kwana ɗaya daga hannun Amrish Puri, ya kori gurɓatattun ma'aikata, ya kama ɓarayi kafin gari ya waye? Har gobe ana son fim ɗin nan a Kano. Amma mutane ƙalilan ne ke tuna ƙarshen sa, inda jarumin ya ƙulla wa abokin gabar sa makirci har aka harbe shi, sannan ya koma ya na kukan cewa shi ma an mayar da shi ɗan siyasa. Mai fim ɗin ya gargaɗe mu, mu ne dai mu ka ɗauki rawa da faɗa mu ka bar gargaɗin.

Wanda ya saba da irin wannan kallo, gaskiya a wurin sa fuska gare ta. In ya na son fuskar, duk abin da ta faɗa daidai ne. In fuskar ta ɓaci, duk abin da ta taɓa faɗa ya bi ruwa. 'Yan wasan mu sun san wannan ciwo. Wanda ya saba fitowa a mugu ya sha harara a kasuwa, wanda ya saba fitowa a malami kuwa har addu'a ake roƙon sa, alhali darakta ne ya raba masu rol a lokeshin. Haka mu ka yi wa Faruk. A Janairu ba mu tsaya mun karanta lissafin sa ba, tafi kawai mu ka yi saboda shi ne. A Yuni ma ba mu karanta ba, tsaki mu ka yi saboda shi ne. Tafin da tsakin duk uwar su ɗaya, ita ce ƙyuyar bincike.

Mu 'yan fim ya kamata mu fi kowa gane haɗarin wannan. A 2007 bidiyon wayar salula guda ɗaya, na mutum biyu, ya jawo aka dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni. Mai ɗaukar hoto, da mai haɗa sauti, da yaron shago a Zoo Road, da mai sayar da kaset a Bata, duk su ka ɗanɗana kuɗar abin da ba su ji ba ba su gani ba. A lokacin manyan mu sun yi ta kukan cewa zalunci ne a ce wake ɗaya ya ɓata gari. To in zalunci ne a hukunta masana'anta guda saboda bidiyo ɗaya, me za mu kira binne binciken tiriliyan guda saboda bidiyo ɗaya?

Na san abin da za ka ce, domin telan nan na Tarauni ya riga ka faɗa. Ya ce, "Malam, wanda zai cire suna don an ba shi kuɗi, ai zai iya saka suna don an hana shi. Ta yaya zan yarda da takardar sa?" Magana ce mai nauyi, kuma ban da amsar da za ta share ta gaba ɗaya. Lallai hannun da ya karɓi toshiya ya jefa shakku a kan duk shafin da ya taɓa. Amma shakku dalili ne na a sake dubawa. Alƙaluman nan ba daga hular Faruk su ka fito ba. Daga takardun Babban Banki, da ofishin Akanta-Janar, da NNPC, da hukumar ƙayyade farashin mai su ka fito, a gaban kyamara, a gaban sauran 'yan kwamiti. Ko dai an biya miliyan 999 sau 128 ko ba a biya ba, kuma banki na da rajista. Halin shugaban kwamiti ba zai ƙara sifiri ko ya rage ba.

Addinin mu ma bai bar mu a duhu ba a nan. A Suratul Hujurati, umarnin da aka ba mu game da labarin da fasiƙi ya kawo shi ne mu bincika, ba a ce mu yi watsi da shi ba, ba a kuma ce mu haɗiye shi ba. Sannan ga ƙissar Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, da aka sa shi gadin abincin zakka, ya kama ɓarawo dare uku a jere. A dare na uku ɓarawon ya koya masa karanta Ayatul Kursiyyu in zai kwanta. Da ya kai labari, Manzon Allah (SAW) ya sanar da shi cewa Shaiɗan ne, kuma ya tabbatar masa cewa a wannan maganar ya faɗi gaskiya duk da kasancewar sa maƙaryaci. Ɓarawo ne, an kama shi a kan kayan talakawa, amma ba a jefar da gaskiyar da ta fito daga bakin sa ba, ba a kuma fasa kiran sa da sunan sa ba.

Kanawa ma sun taɓa yin wannan hikima. Marigayi Alhaji Sabo Bakin Zuwo, ɗan gwagwarmayar NEPU da PRP, mai bakin da talaka ke so, wata uku kacal ya yi ya na gwamna a 1983 kafin sojoji su karɓe mulki. Aka ce an samu naira miliyan 3.4 a gidan sa, kotun soja ta yanke masa shekaru 300. Har yau akwai masu ganin an yi masa adalci, akwai masu ganin fin ƙarfi ne irin na soja. Mu 'yan kallo ma mu na da namu ƙorafin, don shi ne ya rufe sinimar Palace ya mayar da ita asibiti. Amma ka je Jakara ka gani: asibitin na nan da sunan sa, mata na haihuwa a ciki. Babu wanda ya ce a rushe shi tunda an ɗaure mai shi. An bar wa kotu mutumin, an riƙe aikin. Abin da ya kamaci rahoton Faruk kenan.

Abin da na fi tsoro shi ne kalmar da aka rufe hirar mu da ita a daren nan: "Duk ɗaya su ke." Ta na da daɗin faɗa, kuma mai faɗin ta ya kan ji kamar ya waye. Amma ka lura da wanda ta ke yi wa aiki. In duk ɗaya su ke, to babu amfanin bincike, babu amfanin tambaya, babu bambanci tsakanin mai dala ɗaya da mai 13,600. Babban ɓarawo ba ya buƙatar ka yarda shi mutumin kirki ne. Ya ishe shi ka yarda cewa babu na kirki. Daga ranar, duk wanda ya taso da fayil a hannu za a ce masa, "Kai ma nawa ka ke nema?" Wannan ita ce ɓarnar da ta fi dala 500,000 tsada, kuma Faruk ne ya buɗe mata ƙofa, mu kuma mu ka shigo da ita har ɗaka.

Saboda haka ga roƙo na gare ka, mai karatu. Wani jarumin na nan tafe, domin ba a taɓa rasa su ba, musamman in zaɓe ya ƙarato. Zai zo da zaƙin baki, ya zagi manya, ya ɗaga takardu a gaban kyamara. Kada ka hana kan ka jin daɗin kallo, amma ka yi abin da mu ke yi in za mu yi sharhin fim: mu kan ajiye son da mu ke wa ɗan wasa a gefe, mu tambayi labarin ko ya tsaya da ƙafar sa. Ka tambayi me ke cikin takardar, daga ina ta fito, wa kuma zai iya tabbatar da ita in shi ba ya nan. In ka yi haka, ranar da ya yi gyangyaɗi ba za ka rasa komai ba sai shi kaɗai.

Yaya na ya daɗe da barin acaɓa, tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a 2013. A Daidaita Sahu ya ke ja yanzu tsakanin Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku. Da na karanta masa lissafin miliyan 999 sau 128, sai ya kashe injin ya juyo ya ce, "Ƙane na, wannan duk a rubuce ya ke tun lokacin?" Na ce masa tun 2012. Ya jinjina kai ya ce, "Mu kuwa mu na can mu na dariyar hula."

Allah ya ba mu shugabanni nagari, mu kuma ya ba mu idon gane gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Mu haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, mu koma kan finafinan mu.